Abyane, Jan Ƙauyen da ke Gindin Dutsen Karkas

Wanda ya tashi daga birnin Kum na ƙasar Iran ya nufi kudu zai yi tafiya mai tsawo tsakanin yankuna biyu da ba su yi kama da juna ba. A hagunsa akwai shimfiɗaɗɗiyar hamadar da Farisawa ke kira Dashti Kawir, wadda gishiri ya yi wa fari a wurare da yawa, a damansa kuma akwai jerin duwatsu masu duhun launi da ba a ganin ko bishiya ɗaya a jikinsu. Duk wani tsohon gari na wannan yanki yana zaune ne a kan iyakar da ke tsakanin su biyun, domin a nan ne kaɗai ruwan da ya sauko daga dutse yake iske ƙasar da za a iya nomawa kafin yashi ya shanye shi. Na bi wannan hanya a farkon watan Oktoba tare da wani ɗalibi Bahaushe da ke karatu a Kum, wanda ya ji Farisanci sosai, ya kuma yarda ya zama bakina da kunnena. Niyyarmu ita ce mu kai Abyane, tsohon ƙauyen manoma da ke cikin gundumar Natanz ta lardin Isfahan.

Mun yada zango a Kashan, birnin da ke bakin hamada a tudun da bai kai mita 1,000 daga doron teku ba. Ruwan saman da ke sauka a nan a shekara guda bai cika kai milimita 150 ba, kuma da bazara zafi yakan haura digiri 40. Duk da haka, a gefen birnin akwai tudun Siyalk, inda masu tonon tarihi suka sami shaidar cewa mutane sun zauna sun yi noma fiye da shekara 7,000 da suka wuce. Abin da ya riƙe su tun wancan zamani shi ne idon ruwan da ke ɓullowa daga gindin dutse, wanda har yau yake shayar da lambun Fin, inda aka kashe waziri Amir Kabir a shekarar 1852. Na ambaci Kashan ne domin wanda bai ɗanɗani bushewarta ba ba zai gane darajar abin da zai tarar a sama ba.

Daga Kashan zuwa Abyane tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Hanyar tana bin gefen hamada zuwa wajen Natanz, tana kuma wucewa kusa da tashar nukiliyar da ta sa duniya ta san sunan garin, inda direbanmu ya ce kowa ya mayar da wayarsa aljihu, domin an hana ɗaukar hoto a wannan yanki. Bayan an wuce nan ne ake karya kwana zuwa yamma a wajen ƙauyen Hanjan, a shiga kwarin rafin Barzrud. Daga wannan wuri mota ba ta daina hawa ba. Ƙauyuka suna jere a bakin rafin, su Yarand da Komjan da Barz da Tare, kowanne da lambunansa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙarancin faɗin koren wurin: a wani gun bai fi taku ɗari ba daga wannan gefe zuwa wancan, sai a ga tsirarin dutse ya miƙe ba ciyawa ba ƙaya. Iska ta yi ta sauyawa muna hawa, har abokin tafiyata ya ce, «Malam, a fito da rigar sanyi tun yanzu, kafin la'asar za a neme ta.»

Abyane shi ne ƙauye na ƙarshe a kan kwarin, a tudun da ya kai kusan mita 2,200, a jikin jerin duwatsun Karkas, waɗanda ƙololuwarsu ta kusa mita 3,900. Farkon abin da ido ke gani shi ne launi. Gidajen duka ja ne, ja mai duhu irin na jan ƙasa bayan an yi ruwa, kuma dutsen da suke manne da shi ma launinsa ke nan, har mutum yakan rasa inda bango ya ƙare da inda dutse ya fara. Dalilin haka shi ne ƙasar wurin tana ɗauke da tsatsar ƙarfe mai yawa, kuma da ita ake buga tubali, da ita ake yaɓe bayan an kwaɓa ta da tattakar karan alkama. Mutanen garin suna cewa wannan ƙasa ƙara ƙarfi take yi idan ruwa ya dake ta. Bahaushen da ya girma a cikin ganuwar Kano ko Zariya ba zai ji baƙunta a gaban irin wannan gini ba, domin ya san soro, ya san indararo, ya kuma san cewa gidan ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai mai yi masa yaɓe a kan kari.

Amma tsarin garin ba irin namu ba ne, kuma sanyi ne ya tsara shi. A wannan ƙasa babu damina yadda muka san ta. Bazara takan wuce fayau ba ɗigon ruwa, sai daga ƙarshen kaka zuwa bayan hunturu ne gajimare ke tasowa daga yamma, daga wajen tekun Bahar Rum, kuma kafin ya iso nan manyan duwatsun Zagros sun riga sun tatse mafi yawan abin da ya ɗauko. Ragowar ce ke sauka a kan Karkas, yawancinta a matsayin dusar ƙanƙara. Tun da yake iska tana rage zafi da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000, tazarar da ke tsakanin Kashan da Abyane ta isa ta sa a kwana ana zufa a can, a nan kuma a kwana cikin bargo. Hunturu yana da tsawo, ruwa yana daskarewa a magudana, dusar ƙanƙara takan rufe lunguna, kuma lokacin noma gajere ne.

Saboda haka aka ɗora garin a gefen kwarin da ke fuskantar rana, aka bar ƙasan kwari, inda ƙasa ke da taushi da danshi, domin gonaki kawai. Ba a ɓata ko taku ɗaya na ƙasar noma da gini ba. Gidajen suna hawa-hawa ne a jikin gangare, bene biyu, uku, wani har huɗu, ta yadda wani gida ba ya tare wa na bayansa rana, kuma a wurare da dama rufin na ƙasa shi ne farfajiyar na sama. Lungunan siriri ne, masu lanƙwasa, domin su karya ƙarfin iskar dutse, wasu kuma an rufe samansu da ɗaki, sai mutum ya bi ta ƙarƙashin gidan wani kamar mai ratsa zaure. Ana kiran irin wannan rufaffen lungu sabat. Bangaye masu kauri ne, ƙofofi gajeru, ɗakunan hunturu suna ciki inda zafi ba ya saurin fita, na bazara kuma suna sama da barandar katako da tagogi masu ragar itace da aka sassaƙa da kyau. A jikin tsofaffin ƙofofi akwai ƙarfen ƙwanƙwasa guda biyu, ɗaya dogo mai nauyi na maza, ɗaya zobe na mata, domin na cikin gida ya san daga sautin wanda ya kamata ya fito ya buɗe. A bakin shiga gari kuma mun ga ramuka da aka haƙa a jikin tudu masu ƙananan ƙofofi, waɗanda a da ake killace tumaki da awaki da harawarsu a ciki idan sanyi ya tsananta.

Da dare, a gidan da muka sauka, aka kafa mana korsi. Wani gajeren teburi ne da ake sa abin ɗumama a ƙarƙashinsa, a da kaskon garwashi, yanzu galibi na lantarki, sannan a lulluɓe shi da babban bargo, iyali su kewaye shi su zura ƙafafunsu ciki. A nan ake cin abinci, a nan ake hira, a nan ma ake barci cikin tsakiyar hunturu. Hikimarsa ita ce a ƙasar da itacen wuta ke da wuyar samu, ya fi sauƙi a ɗumama mutane da a ɗumama ɗaki.

Yawancin masu zuwa Abyane suna tsayawa ne a babban lungun da ya ratsa garin, su yi hoto a gaban jan bango, su sayi busasshiyar tuffa a hannun tsofaffin mata, su koma motarsu. Ni kuwa abin da ya kawo ni yana ƙasa, don haka da gari ya waye muka gangara lambuna. Can ne na ga ainihin abin da ya riƙe garin nan tsawon ƙarnuka. An yanka gangaren kwari gida-gida, an tokare kowane yanki da katangar duwatsu don kada ƙasa ta zaizaye, an kuma ja siraran magudanai suna bin gefen tudu a hankali, daga wannan fangali zuwa wancan. A ciki akwai tuffa, da wani ɗan'uwanta mai zaƙi da suke kira golabi, wanda gundumar Natanz ta yi suna da shi a duk Iran, da zardalu da alu masu ƙwallo a ciki, da badam da ake cin ƙwayarsa kamar gyaɗa, da manyan bishiyoyin gerdu, wato wata gyaɗa mai taurin ɓawo da ke fitowa a bishiya, wadda katakonta ma abin daraja ne. A filayen da suka fi buɗewa ana shuka alkama da sha'ir da dankalin Turawa. A bakin ruwa kuma an jera dogayen itatuwa miƙaƙƙu, waɗanda da su ake rufin ɗaki. Mun iso lokacin kaɗe gerdu, hannun duk wanda muka gaisa da shi ya yi baƙi da ruwan ɓawonta.

A wani lambu muka tarar da dattijo da shebur a kafaɗa, yana tsaye a kan mararrabar magudana. Abokin tafiyata ya yi masa sallama, ya kira shi Haji Aga yadda ake girmama manya a can, ya yi masa sannu da aiki, shi kuma ya ɗora hannu a ƙirji ya amsa, ya ce mu ƙaraso. Da ya ji daga inda muka fito, sai ya cika mana hannu da gerdu kafin a yi wata magana. Ya ce yana jiran lokacinsa na ruwa ne. Ruwan garin yana fitowa daga rafi da idanun ruwa da kuma kanat, kuma ba wanda yake buɗe shi zuwa gonarsa yadda ya ga dama. Kowane gida yana da rabonsa na sa'o'i a cikin zagayen kwanaki, wanda ake gada kamar yadda ake gadon gona, kuma idan rabon mutum ya faɗo da tsakar dare, to da tsakar dare zai fito da fitilarsa. Da lokacin ya yi, ya sa shebur ya ɗebe laka da tsumman da suka toshe bakin magudanarsa, ya mayar da su ɗaya bakin, ruwa ya juya ya shiga cikin itatuwansa. Aikin bai ɗauki minti biyu ba, amma a bayansa akwai yarjejeniyar da kakanni suka ƙulla wadda ba a karya ba.

Kanat yana buƙatar a yi masa bayani, domin shi ne ginshiƙin zaman mutane a tsakiyar ƙasar Farisa. Dusar ƙanƙarar da ta narke a kan dutse ba duka take gudana a sarari ba. Mafi yawanta tana nutsewa cikin tsakuwar da ke gindin dutsen ta taru a ƙarƙashin ƙasa. Masu wannan sana'a, da ake kira mukanni, sukan haƙa rijiya ta farko a can sama har su cim ma ruwan, sannan su faro rami daga ƙasan gangare su yi ta tafiya da shi a kwance zuwa ga rijiyar, da ɗan karkata kaɗan wanda zai sa ruwa ya gudana ba tare da ya cinye ramin ba. A kan hanya suna huda rijiyoyi a jere domin fitar da ƙasa da shigar da iska. Idan an gama, ruwa yana fitowa da kansa dare da rana, ba guga ba inji, kuma rana ba ta ƙone shi a hanya. Babban alherin kanat shi ne ba ya iya ɗibar abin da ya wuce wanda dutse ya bayar a shekarar. A ƙauyuka da yawa akwai mirab, mai rabon ruwa, wanda a da yake auna lokaci da ƙaramin kwanon tagulla mai huda a gindi: a ɗora shi a kan ruwa, idan ya cika ya nutse an ci rabo ɗaya. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa kanat goma sha ɗaya na Iran cikin jerin kayan tarihin duniya.

Na tambayi dattijon ko ruwan yana nan kamar da. Ya girgiza kai, ya nuna ƙololuwar dutse da shebur ɗinsa, ya ce lokacin ƙuruciyarsa farin kan dutsen yakan kai tsakiyar bazara, yanzu kuwa da wuri yake tafiya. Abin da ya faɗa ya yi daidai da halin da lardin duka yake ciki. Tun daga shekarun 1960 aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse masu inji a filayen ƙasa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta ja da baya, kanat masu yawa suka ƙafe, ga kuma shekarun fari a jere. Kogin Zayande Rud da ya ratsa birnin Isfahan yakan yi watanni a bushe ƙarƙashin tsofaffin gadojinsa, har a watan Nuwamba na 2021 manoma suka taru a cikin busasshen kogin suna neman a sakar musu ruwa. Abyane yana da sa'ar kasancewa a kan kwari, kusa da tushen ruwa, amma shi ma abin da Karkas ya tara da hunturu shi zai sha da bazara.

Tarihin garin kuwa ana karanta shi ne a jikin gine-ginensa, domin ƙauye irin wannan ba shi da marubutan fada. Mafi tsufa a cikinsu shi ne ɗakin wuta na Harpak, wurin ibadar Majusawa mabiya Zaradashtu, wanda masana ke danganta shi da zamanin daular Sasaniyya, wato daular su Kisra da ta yi mulki daga shekarar 224 zuwa 651. Yana tsakiyar gari, lungu ya bi ta ƙarƙashinsa, kuma wanda ba a nuna masa ba zai iya wuce shi yana zaton gida ne. Ginin sama yana da ginshiƙai huɗu da bakuna huɗu da ƙubba, irin tsarin da aka san ɗakunan wuta da shi. Da na tsaya a wurin, Salmanul Farisi ne ya faɗo mini a rai, Allah ya ƙara masa yarda, domin a ruwayar da ta fi shahara shi ɗan wani ƙauye ne na yankin Isfahan, mahaifinsa shugaban manoma ne, shi kuma aka ɗora masa kula da wuta don kada ta mutu. Tun muna yara muke jin wannan ƙissa, amma sai a wannan lungu na ga irin ɗakin da irin ƙauyen da ake magana a kai.

Bayan yaƙin Nahawand na shekarar 642 mulkin Sasaniyya ya karye, amma addinin mutane bai sauya a rana ɗaya ba, musamman a kwarurukan da ke nesa da hanyar runduna. Mutanen Abyane suna riƙe da labarin cewa da yawa daga kakanninsu sun ci gaba da Majusanci har zuwa zamanin Safawiyya, daular da Shah Isma'il ya kafa a 1501, wadda ta mayar da Shi'anci mazhabar ƙasa. Sai dai masallacin Juma'ar garin yana da tasa shaidar. A cikinsa akwai mumbarin katako da ke ɗauke da shekarar 466 ta Hijira, wato wajen 1073, farkon sarautar Malik Shah, sarkin daular Turkawan Saljuƙawa, da kuma mihrabin katako da aka sassaƙa wa ayoyi da zanen furanni, abin da ba kasafai ake samunsa ba, domin yawancin mihrabai na tubali ne ko na farar ƙasa. A ganina labaran biyu ba su ci karo ba. Abin da suke nunawa shi ne Musulmi da Majusawa sun zauna a wannan ɗan ƙaramin gari ƙarni bayan ƙarni, masallaci da ɗakin wuta suna tazarar 'yan taku, kuma dole ne sun yi rabon ruwa ɗaya, tun da magudana ɗaya ce. Na daɗe a gaban mumbarin nan. Katako ne da ya shekara fiye da 900, bushewar iska da sanyi suka hana gara da ruɓa su taɓa shi, kuma hannun wanda ya sassaƙa shi hannun gwani ne, wanda ke nuna cewa ƙauyen yana da wadata da ilimi tun wancan lokaci.

Akwai wasu masallatan, kamar Porzale na zamanin Ilhaniyawa, jikokin Mongol, da Hajatga. A ƙasan gari kuma akwai hubbaren da ake dangantawa da 'ya'yan Imam Musa al-Kazim biyu, Yahaya da Isa, mai tsinin ƙubba shuɗiya da ke fita daban a cikin jan garin, da tafki a tsakar gida, da baranda mai kallon lambuna. A kan tuddan da ke kewaye akwai kufan ganuwoyi uku, ɗaya ga kowace unguwa, inda mutane ke gudu da iyali da dabbobi idan mahara sun shigo kwari. Mun tsallaka rafi muka hau zuwa wadda ke fuskantar gari, hawan da ya sa numfashina ya yi sama saboda ƙarancin iska a irin wannan tudu. Daga can ake ganin tsarin duka a fili: dutse a sama, gari a tsakiya, lambuna a ƙasa, kowanne a inda ya dace da shi.

Nisan da ya kare su daga mahara shi ne kuma ya adana musu harshe da sutura. Suna da yarensu na kansu, daga cikin tsofaffin yarukan tsakiyar Iran, wanda har yanzu yake bambanta namiji da mace a nahawu, abin da Farisanci ya daɗe da yarwa. Abokin tafiyata, da duk Farisancinsa, ya tsaya yana sauraron tsofaffi mata biyu suna hira a bakin ƙofa, ya ce da ƙyar yake tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Matan suna yafa farin mayafi dogo mai zanen jajayen furanni, da siket mai yawan ninki, maza kuma suna sa baƙin wando mai faɗin ƙafa ƙwarai. Dokokin sutura na sarkin Iran Riza Shah a shekarun 1930 sun zo sun wuce, baƙin lulluɓin da ya yawaita bayan juyin juya halin 1979 ma ya zo, matan Abyane suna nan da farin mayafinsu.

Sai dai duk wanda ya zaga garin da idon basira zai lura da abin da ya ɓace, wato yara. Ƙofofi da yawa suna garƙame da kwaɗo, wasu gidajen rufinsu ya rufta. Ƙidayar shekarar 2006 ta sami mutum 305 a gidaje 160, wato ko mutum biyu ba a samu a kowane gida ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Ba yaƙi ne ya kore su ba, ba kuma annoba ba. Mutanen Abyane sun yi suna da son karatu, sun tura 'ya'yansu makaranta tun da wuri, 'ya'yan suka zama likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan gwamnati a Kashan da Isfahan da Tehran, musamman bayan da kuɗin man fetur ya buɗe birane a shekarun 1960 da 1970. Gonar da ba ta fi tsakar gida faɗi ba, wadda tarakta ba ta iya shiga, ba za ta riƙe wanda ya sami albashi ba. Suna dawowa da bazara su sha iska, suna dawowa da Nauruz, sabuwar shekararsu ta watan Maris, kuma sun fi dawowa a ranakun Tasu'a da Ashura, lokacin da maza ke ɗaukar nahal, wani babban sassaƙen katako da ke wakiltar makarar Imam Husaini, su zaga da shi cikin lunguna. A waɗannan ranaku, in ji dattijon lambu, har wanda ya zo daga Tehran da babbar mota sai ya sa wandon kakansa.

Gwamnati ta sa garin cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1975, kuma tun 2007 yana cikin wuraren da Iran ke neman UNESCO ta amince da su. An shimfiɗa duwatsu a lunguna, ana gyara bangaye da jar ƙasa, ana karɓar kuɗin shiga a bakin gari, akwai masauki da ɗan gidan adana kayan gargajiya. Ban raina wannan ƙoƙari ba, domin ba don shi ba da gidaje da yawa sun koma ƙasar da aka ɗebo su. Amma abin da ya dame ni shi ne kulawar duk ta tafi ga abin da kyamara ke ɗauka. A ƙasan kwari na ga katangun gona da suka zube ba a ɗaga ba, na ga magudanai da ciyawa ta toshe, na ga manyan bishiyoyin da suka bushe a tsaye domin mai rabon ruwansu yana Tehran. Wanda zai yi yaɓe ana iya ɗauko shi daga wani gari a biya shi, amma sanin wace magudana ke shayar da wace gona, da sa'ar da ruwa ke juyawa, da yadda ake sasanta maƙwabta a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, yana cikin kawunan dattawa kaɗan ne da suka haura saba'in. Jan bangon da ake zuwa kallo lambunan nan ne suka gina shi, kuma ina ganin sun cancanci a kashe musu ko da rabin abin da ake kashe wa bangon: a yashe kanat, a rubuta rabon ruwa, a nema wa tuffa da gerdu kasuwar da za ta sa matashi ya ga dalilin zama.

Tsofaffin matan da ke zaune a bakin lungu suna sayar da yankakkiyar tuffa da aka shanya a kan soro, da gerdu, da lawashak, wato 'ya'yan itace da aka dafa aka shimfiɗa siriri aka busar har ya zama kamar fata mai tsami. Wasunsu ba sa son a ɗauke su hoto, kuma suna da gaskiya, domin ba kayan kallo ba ne. Matan gari ne da suka yi noma suka yi saƙa suka yi renon waɗanda suka tafi. Wanda ya je ya fara yin sallama, ya nemi izini, ya kuma sayi abin da suke sayarwa, tun da daga lambunan ƙasa yake fitowa. Ya kauce wa ranakun Alhamis da Juma'a da hutun Nauruz, lokacin da motocin baƙi ke cika gari, ya kwana idan da hali, ya gangara lambuna da sassafe lokacin da masu ban ruwa ke fitowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu dusar ƙanƙara takan wahalar da hanyar kwarin. Mai son ganin girbi ya je a Satumba ko Oktoba, mai son ganin rafin Barzrud a cike da itatuwa cikin fure kuwa ya je a Afrilu ko farkon Mayu.